Tarihin Dabarun Ɗaukar Ƙananan Yara a Fim: Tsakanin Tsoratarwa da Wasa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga gidan silima ya san yadda hawayen ƙaramin yaro suke sosa zuciyar 'yan kallo fiye da na babba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda aka yi hawayen nan suka zubo daidai lokacin da ake bukatarsu, a gaban manyan fitilu da na'urori da taron baƙin fuskoki. Manufar wannan takarda ita ce ta bi tarihin dabarun da masu shirya fim suka yi amfani da su a bayan fage wajen ɗaukar yara ƙanana, watau tun daga jinjiri har zuwa ɗan shekara 8 ko 9, daga 1895 zuwa farkon wannan ƙarni. Yawancin misalanmu daga Amurka za su fito, domin a can ne yaran da kansu suka girma suka rubuta abin da aka yi musu. Amma za mu leƙa Faransa da Indiya da Ingila da Japan inda bayani ya kai mu.

Ra'ayin da muke son tabbatarwa shi ne wannan. Babban ɗan wasa kwaikwayo yake yi, ya kuma san kwaikwayo yake yi. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 kuwa bai gama rarrabe wasa da gaske ba, saboda haka yawancin abin da kyamara take kamawa a fuskarsa na gaske ne. Aikin darakta ke nan shi ne ya haddasa wani hali na gaske a zuciyar yaron, sa'an nan ya ɗauke shi ya dasa a cikin labarin da yaron bai san da shi ba. Hanyoyi biyu aka bi wajen yin haka, tsoratarwa da wasa. Ita kuwa doka a baya ta riƙa zuwa, bayan ɓarna ta riga ta auku.

2. Zamanin fim marar magana

Jinjiri yana cikin mutanen farko da suka fito a majigi. A cikin gajerun finafinan da 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wa jama'a a birnin Faris ran 28 ga Disamba, 1895, akwai wanda bai cika minti ɗaya ba, inda ake ganin Auguste da matarsa suna ba 'yarsu Andrée abinci a farfajiyar gida. Babu wata dabara a nan illa a kafa kyamara a bar yarinya ta yi abin da ta saba yi kullum, a tsakanin iyayenta. Wannan ita ce dabara mafi tsufa, har yanzu kuma ita ce gindin aiki da jarirai.

Da fim ya zama labari mai tsawo, sai bukata ta canza, aka shiga neman yaro ya yi kuka ko dariya bisa umarni. Fim marar magana ya ba darakta wata dama babba, domin tun da ba a ɗaukar sauti, yana iya tsayawa gefen kyamara yana ta yi wa yaro magana har a gama. Da wannan dama Robert McGowan ya yi aiki a jerin gajerun finafinan Our Gang, waɗanda Hal Roach ya soma a 1922. Da yawa daga cikin yaran ba su iya karatu ba tukuna, don haka sai McGowan ya bayyana musu abin da zai faru a fitowar, ya sake su, yana jagorantarsu da murya. Shi kuwa Charlie Chaplin hanyar kwaikwayo ya bi. A 1919 ya ga Jackie Coogan, ɗan shekara 4, a dandalin wani gidan wasa a Los Angeles, ya ɗauke shi don fim ɗinsa The Kid, wanda ya fito a 1921. Chaplin yakan yi motsin da yake so tukuna, tun daga ɗaga gira har juya kafaɗa, yaron ya maimaita. Yaro dai gwanin koyi ne, dabarar kuma ta yi aiki ƙwarai.

Amma koyi bai isa ya kawo kuka ba. Chaplin ya ba da labari a tarihin rayuwarsa na 1964 cewa da aka zo fitowar da ma'aikatan gidan marayu za su ƙwace yaron, sai Jackie ya kasa kuka domin yana cikin nishaɗi. Mahaifinsa ya ja shi gefe ya gaya masa in bai yi kuka ba za a raba shi da wurin a kai shi gidan marayu na gaske. Nan take kuka ya zo. Fitowar nan tana cikin waɗanda aka fi yabo a tarihin fim marar magana, ga kuma abin da ya haife ta.

Misalin da ya fi wannan tsanani shi ne na yarinyar da aka sani da Baby Peggy, wadda aka haifa a 1918, aka kuma soma sa ta a fim tun ba ta daɗe da iya tafiya ba. Tsakanin 1921 da 1924 ta fito a gajerun finafinai kusan 150, tana aikin sa'a 8 a rana, kwana 6 a mako. Mahaifinta mahayin dawaki ne a finafinai, ya kuwa hore ta kamar yadda ake horar da doki, ya ce yi kuka ta yi, ya ce tsaya ta tsaya. Da ta girma ta ɗauki sunan Diana Serra Cary, ta zama marubuciyar tarihin yaran Holiwud, ta rasu a 2020 tana da shekara 101.

3. Shigowar sauti da bunƙasar tsoratarwa

Daga 1929 sauti ya mamaye sana'ar, ya kuma rufe bakin darakta, domin duk abin da ya faɗa yayin ɗauka na'ura za ta kama. Matsala biyu suka taso. Ta farko, yaron da bai iya karatu ba dole ya riƙe magana a ka. Maganin wannan bai yi wuya ba, domin an ɗora shi a kan iyaye mata. Mahaifiyar Shirley Temple takan karanta mata fitowar gobe da dare kafin barci, har yarinyar ta haddace nata da na sauran 'yan wasa. Matsala ta biyu ita ce dole a shirya zuciyar yaro kafin kyamara ta soma juyawa. A nan ne tsoratarwa ta zama kamar al'ada.

A fim ɗin Skippy na 1931, darakta Norman Taurog ya rasa yadda zai sa Jackie Cooper kuka. Taurog kuwa mijin 'yar'uwar mahaifiyar yaron ne. Sai ya sa wani mai gadi ya ja karen yaron zuwa bayan fage, aka harba bindiga. Yaron ya ɗauka an kashe masa kare, ya yi ta rusa kuka, aka ɗauka. Bayan an gama aka fito masa da karen lafiya lau. Taurog ya sami kyautar Oscar ta gwanin darakta da wannan fim, shi kuma Cooper aka sa shi takarar gwanin ɗan wasa yana da shekara 9. Shekara 50 bayan haka, a 1981, Cooper ya fitar da tarihin rayuwarsa, sunan da ya ba littafin kuwa roƙo ne cewa kada a harbe masa kare. Ashe abin da darakta ya ɗauka dabarar yini ɗaya ce ya zauna a ran yaron har tsufansa.

Ita ma Shirley Temple, wadda aka haifa a 1928, ta soma ne da gajerun finafinan Baby Burlesks a 1932, inda ake sa yara 'yan shekara 3 zuwa 5 su kwaikwayi manyan taurari. A littafinta na 1988 ta bayyana cewa akwai wani baƙin akwati marar taga da ƙaton ƙanƙara a ciki, inda ake kulle yaron da ya ƙi jin magana. Har shekarunta kamfani ya rage da ɗaya don ta daɗe tana ƙarama a idon jama'a.

Ya kamata mu yi hattara da irin waɗannan labarai, domin wani lokaci manya sukan ƙara musu gishiri. An daɗe ana cewa da batun mutuwar kare aka sa Margaret O'Brien kuka a fim ɗin Meet Me in St. Louis na 1944. Ita kuwa ta musa. Ta ce mahaifiyarta ce ta zuga ta da cewa za a ɗiga mata hawayen ƙarya, alhali wata 'yar wasa, June Allyson, tana iya kuka ba tare da taimako ba. Kishi ke nan ya yi aikin da tsoro ya yi wa Cooper. Ko ta wace hanya aka bi, wani abu na gaske aka taɓa a zuciyar yarinyar.

4. Sirrin haɗa hoto

Kafin mu shiga hanya ta biyu, wajibi ne mu bayyana dalilin da ya sa duk waɗannan dabaru suke yiwuwa. Fim guntu-guntu ake ɗaukarsa, sa'an nan a yanka a haɗa. A wajajen 1920 wani malamin fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa in aka jera hoton fuska ɗaya da hotuna daban-daban, alal misali kwanon miya ko akwatin gawa, 'yan kallo za su ga yunwa a farko, su ga baƙin ciki a na biyu, alhali fuskar ba ta canza ba. Watau ɗan kallo ne yake ba fuska ma'ana daga abin da aka jera kusa da ita. Saboda haka ba a bukatar yaro ya ga abin da labari ya ce ya gani. Abin da ake bukata kawai ya dubi wajen da ake so, da irin fuskar da ake so. Sauran aikin na mai haɗa hoto ne. Wanda ya gane wannan ya gane cewa tsoratar da yaro ba dole ba ce.

5. Hanyar wasa

Satyajit Ray na Indiya ya soma ɗaukar Pather Panchali ran 27 ga Oktoba, 1952, fim ɗin kuma ya fito a 1955. Yaron da ya fito a matsayin Apu, Subir Banerjee, bai taɓa wasa ba, matar Ray ce ta hango shi a maƙwabta. Fitowar farko ita ce yaron yana tafiya cikin doguwar ciyawa mai farin fure yana neman yayarsa. Da aka ce ya tafi, sai ya miƙe sambal kamar an ɗaure masa wuya. Ray bai tsawata masa ba. Sai ya zuba ƙirare a kan hanya nan da can don yaron ya riƙa tsallakewa, ya kuma ɓoye mataimakansa a cikin ciyawa dama da hagu, kowanne ya kira shi a lokacin da aka tsara. Yaron ya riƙa waiwaye yana dakatawa, a majigi kuwa sai aka ga yaro mai neman 'yar'uwarsa. Darasin a nan shi ne a ba yaro aikin da jikinsa zai yi, maimakon a ce masa ya ji kaza a ransa.

Steven Spielberg ya faɗaɗa wannan hanya. A Close Encounters of the Third Kind, wanda ya fito a 1977, akwai inda Cary Guffey, ɗan shekara 4, zai ga baƙin halittu daga sararin sama, ya razana kaɗan, sa'an nan ya yi murmushi. Abin da yaron ya gani a zahiri ma'aikata biyu ne da aka ɓoye, ɗaya cikin shigar ɗan kama, ɗaya cikin rigar goggon biri. Da mai rigar birin ya cire abin rufe fuska, yaron ya ga mutumin da ya sani ne, sai murmushi ya zo da kansa. A wata fitowar kuma Spielberg ya tsaya bayan kyamara yana kwance ƙunshin kayan wasa a hankali, zumuɗin da ke idon yaron ya zama mamakin ganin hasken jirgin baƙi. A E.T. na 1982 ya ɗauki fim ɗin kusan bi da bi yadda labarin yake tafiya, abin da ba a saba yi ba saboda tsada, domin yaran su shaƙu da mutum-mutumin a hankali, baƙin cikin rabuwa kuma ya zo a ƙarshe. Drew Barrymore, 'yar shekara 6, takan yi hira da mutum-mutumin a lokacin hutu, sai aka sa masu sarrafa shi su riƙa motsa shi don kada a ɓata mata imaninta.

A Ingila, Stanley Kubrick ya bi hanyar ɓoyewa a The Shining na 1980, fim mai ban tsoro ƙwarai. Danny Lloyd, wanda yake tsakanin shekara 5 da 6 lokacin ɗauka, bai san fim ɗin tsoro ake yi ba, ya ɗauka labarin wani iyali ne a otal. An ware masa mutum guda, Leon Vitali, ya zama abokinsa kuma mai koya masa, a wata fitowa mai zafi kuma 'yar tsana aka ba uwar ta rungumo a maimakonsa. Bai ga cikakken fim ɗin ba sai da ya zama saurayi.

Masu zuwa daga baya sun ƙara matsawa, suka soma sauraron yaran. Kafin Jacques Doillon na Faransa ya yi Ponette a 1996, labarin yarinyar da uwarta ta rasu, sai da aka yi watanni ana jin yadda yaran makarantun reno suke maganar mutuwa, daga nan ya gina maganganun fim ɗin. An kuma ajiye masaniyar halayyar yara a wurin ɗauka. Victoire Thivisol, wadda take da shekara 4 lokacin aikin, ta ci kyautar gwanar 'yar wasa a bikin finafinai na Venice, abin da ya jawo gardama kan ko ita ce ta yi wasan ko kuwa darakta. Hirokazu Kore-eda na Japan kuwa bai ba yaran Nobody Knows na 2004 rubutaccen labari ba. Yakan raɗa musu maganar da za su faɗa a ranar, ya kuma shafe kusan shekara guda yana ɗauka bi da bi, har girman yaran ya shiga cikin labarin.

Kada mu ɗauka hanyar wasa ta wanku sarai. Rigar biri ma ruɗu ce, kuma yaron ya razana kafin ya yi murmushi. Bambancin da muke gani shi ne halin da ake barin yaro a ciki bayan an kashe fitilu. Guffey ya tashi da dariya da kayan wasa, Cooper ya tashi da sanin cewa mutanen da ya amince da su sun iya yi masa ƙarya mai ciwo.

6. Yadda doka ta biyo baya

Dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka ta 1938, wadda ta hana sa yara aiki a masana'antu, ta keɓe 'yan wasa daga wannan hani, aka bar wa jihohi. A wannan shekarar ce Jackie Coogan ya kai mahaifiyarsa da mijinta ƙara. An ƙiyasta abin da ya samu yana yaro ya kai dala miliyan 3 zuwa 4, amma abin da ya shigo hannunsa bayan shari'a bai wuce dala 126,000 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya sa jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ake kira da sunansa a 1939. An gyara ta daga farkon 2000, inda ta tabbatar da cewa kuɗin na yaron ne, ta kuma wajabta ajiye kashi 15 cikin 100 a asusun da ba a taɓawa sai ya girma.

Ƙa'idojin Kalifoniya sun kuma ƙayyade lokaci. Ba a ɗaukar jaririn da bai kai kwana 15 ba. Wanda bai kai wata 6 ba, sa'a 2 zai yi a wurin, aikinsa kuma kada ya wuce minti 20, da ma'aikaciyar jinya a kusa. Daga wata 6 zuwa shekara 2, sa'a 4 ne a wurin, 2 na aiki. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 6, sa'a 6 ne, 3 na aiki. Dole kuma a sami malami mai lasisi wanda yake kula da karatun yaro da lafiyarsa. Su kansu waɗannan ƙa'idoji sun haifar da sababbin dabaru. Ana neman tagwaye masu kama ɗaya su raba matsayi guda, kamar Mary-Kate da Ashley Olsen a shirin talabijin na Full House daga 1987 zuwa 1995. Ana fara ɗaukar fuskar yaro a sallame shi, sa'an nan babba ya yi nasa yana duban 'yar tsana ko wani mai gajeren jiki da aka juya wa kyamara baya.

Amma doka a takarda ba ta tsare kowa in an yi niyyar kauce mata. Ran 23 ga Yuli, 1982, da misalin ƙarfe 2 na dare, ana ɗaukar Twilight Zone: The Movie a Kalifoniya, wutar abubuwan fashewa ta kayar da jirgi mai saukar ungulu. Ɗan wasa Vic Morrow ya mutu tare da yara biyu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 6. An ɗauki yaran ne a ɓoye ba tare da izini ba, domin doka ba ta yarda su yi aiki a wannan lokaci ba. Kotu ta wanke darakta John Landis da mutum huɗu daga laifin kisa a 1987, amma haɗarin ya sa aka tsaurara matakan tsaro a sana'ar.

7. Kammalawa

Mun ga yadda dabarun suka taso daga barin jinjiri ya yi abin da ya saba, zuwa umarni da koyi, zuwa tsoratarwa, sa'an nan zuwa wasa da ɓoyewa da sauraro. Mun kuma ga cewa doka ta iya ƙirga kuɗi da sa'o'i, amma wuya gare ta ta auna abin da aka raɗa wa yaro a kunne kafin kyamara ta juya. Wannan yana hannun darakta da iyaye, tarihin Coogan da Baby Peggy kuwa ya nuna cewa kasancewar iyaye a wurin bai isa kariya ba, musamman in abincin gidan a wuyan yaron yake.

Sana'ar finafinan Hausa, wadda ta kafu a Kano daga 1990, ita ma tana sa yara a matsayin marayu da 'ya'yan kishiya, matsayin da yawancinsu kuka ake nema. Shawararmu ga masu wannan sana'a uku ce. A ƙayyade sa'o'in yaro bisa shekarunsa. A keɓe masa wani kaso na ladansa. A kuma ajiye wani babba a wurin ɗauka, wanda ya san tarbiyyar yara, ba ya cin riba daga fim ɗin, yana kuma da ikon cewa a dakata. Horar da irin wannan mutum aiki ne da ya dace da kwalejojin ilmi, domin ɗa na kowa ne.